Neman bagaruwa a Birnin Shehu

Ranar da na kai wa Dakta, malamin da ke duba aikin binciken da zan kammala digiri da shi, ƙullin bagaruwar da na sayo a Kasuwar Kurmi, ko kwance ledar bai yi ba. Ya ce, "A wane gari aka tsinko ta?" Na ce ban sani ba. "A wane wata?" Na yi shiru. "A kan bishiya aka cire ta, ko a ƙasa aka tsinta?" Da ya ga na fara sosa ƙeya sai ya turo min ledar da gindin biro, ya ce in kai wa Hajiyarmu ta ajiye wa masu jego, shi samfur ya ce in kawo masa, ba tsaraba ba.

Ina aji huɗu a sashen kemistiri a lokacin. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya cinye mana wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba, da aka dawo kuwa sai aka haɗa mana lakca da gwaji da furojet a wuya ɗaya. Abin da aka ba ni in bincika shi ne yawan tanin da ke cikin kwanson bagaruwa, a ga ko ta wani yanki ta fi ta wani. Tanin shi ne sinadarin da ke sa baurin nan da ake ji a goro ko a ɗanyen kanya, kuma shi ne yake mayar da ɗanyar fata jemammiya. Dakta ya ce ba za a yi maganar jima a ƙasar Hausa a tsallake Sakkwato ba, garin jar akuyar da fatarta ta yi suna tun zamanin da fatake ke ratsa Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, Turawa su saye ta a can su riƙa kiran ta fatar Maroko. Ina da aboki da muka yi sakandare tare, shi ma kemistiri yake karantawa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Na kira shi, ya ce tabarma dai akwai.

Farkon Fabrairun 2023 na tashi, daidai lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta fi man fetur wuyar gani, shi ma man sai an kwana a layi. Mahaifina ya tattara 'yan canjin da ke shagonsa ya ƙulle min, ya ce kada in yarda dare ya yi mana a hanya. Mun bar Kano bayan asuba, muka bi ta Malumfashi muka faɗa Funtuwa. Daga nan zuwa Tsafe da Gusau hirar cikin mota ta mutu, kowa ya koma jan carbi, direba kuma bai ɗaga ƙafa ba sai a shingen jami'an tsaro. Ba sai an gaya wa kowa dalili ba. A Gusau muka yi Azahar, na sayi hoce na ci da ƙuli, sannan muka miƙe Talata Mafara, Tureta, ƙasa tana ta ƙara buɗewa, bishiyoyi suna raguwa, iskar hunturu ta shafa wa komai farar hoda.

Da muka iso Dange na leƙa ta taga kamar mai neman ɗan'uwa. A darasin ilimin duwatsu da muka ɗauka a aji biyu an koya mana cewa da sunan garin nan ake kiran wani shimfiɗen laka da ke ƙarƙashin wannan yanki, mai ɗauke da jifsam da dunƙulen fosfet, ragowar wani teku da ya taɓa rufe wurin shekaru wajen miliyan 60 da suka wuce. Na haddace wannan na ci jarrabawa da shi. Abin da na gani dai gari ne kamar kowane gari, da masu tallar rake da wani yaro yana kora jakai. Bayan La'asar muka wuce Shuni da Kwannawa muka shiga Sakkwato.

Abokina ya zo tasha ya ɗauke ni. A nan na fara koyon cewa ɗan acaɓa sunansa kabu-kabu, kuma Hausar da nake taƙama da ita ta Kano ba ta kai ni ko'ina ba. Mai babur ya ce, "Ina za ku tahi?" na fahimta. Da ya ce wa abokina, "Mi ab biɗatai Dundaye da marecen ga?" sai na bar musu fagen. Jami'ar tana wajen gari ne ta arewa, sai an ratsa fadamar Rima. Hanyar ta miƙe a kan tudun da aka cike, hagu da dama lambuna ne kore shar a tsakiyar rani, albasa da tattasai da shinkafa, injinan ban-ruwa suna ta ƙugi. Ya nuna min inda ambaliyar 2010 ta yanke hanyar har jami'a ta rabu da gari. A Kwalkwalawa muka tsaya ya sayi soyayyen kifi, wai na karɓar baƙo, amma ni na biya.

Jami'ar an kafa ta a 1975, kuma faɗinta ya ba ni mamaki. Tsakanin wannan gini da wancan sai ka ratsa gona, ka gamu da garken shanu, ka wuce ƙauye sukutum da mutanensa. A ɗakinsu mu shida muka kwana, uku 'yan kemistiri, kowa da kukansa. Ɗaya yana tatsar mai daga 'ya'yan dogon yaro don ya mayar da shi man injin, ɗaya yana auna dalma da kadmiyam a alayyafon fadama. Abokina kuwa ruwan rijiyoyi yake bi unguwa-unguwa yana auna nauyinsa, wato yawan kalsiyam da magniziyam da ke narke a ciki, waɗanda ke hana sabulu kumfa su kuma bar farin ɓawo a gindin buta. Ƙarƙashin gadonsa jarkoki ne jere, kowace da farin salatif da lamba. Hirarmu ta wannan dare duk a kan tsadar sinadarai ce da yadda ake haɗa kuɗi mutum biyar a sayi kwalba ɗaya. Wanda bai yi kimiyya a jami'ar gwamnati ba yana zaton furojet karatu ne kawai. Rabinsa ciniki ne da roƙon alfarma.

Washegari muka shiga gari. Na ce ba zan zo Sakkwato in koma ban ziyarci Hubbare ba, Hajiyarmu ba za ta yafe min ba. Muka cire takalma muka shiga, muka yi wa Shehu Usmanu addu'a, wanda ya rasu a 1817, muka fito ta cikin 'yan ziyara da suka zo har daga Nijar. Muka zaga ta ƙofar fadar Sarkin Musulmi, na ɗauki hoto, shi ke nan yawon buɗe idon da na yi. Daga nan sai kasuwa.

A Kasuwar Kara na fara ganin raƙuma birjik a durƙushe suna tuƙa, ga buhunan albasa an jibge kamar ganuwa. Bagaruwa ba ta yi wuyar samu ba. Na fito da littafina na fara jero wa mai ita tambayoyin Dakta. Ya dube ni, ya dubi littafin, ya ce shi dai daga ƙauye ake kawo mai, wani buhun daga wajen Gwadabawa, wani daga hayin iyaka, in ya ragu kuma ya juye wannan cikin wancan. Ya ce tiya nawa nake so, kuma kuɗɗi hannu, ba ya karɓar taransifa. Na sayi tiya biyu don kada a ce na ɓata masa lokaci. Na san dai abin da na saya bai fi na Kurmi daraja ba a idon Dakta, sai dai ya fi shi nisa.

Mai bagaruwar ne ya ce in ina son wanda ya san ta, in je wurin majema. Ya haɗa mu da wani yaro ya raka mu.

Tun kafin ka ga majema hancinka zai gaya maka ka iso. Ni da na shekara uku ina shaƙar amoniya a lab sai da na toshe hanci da hula, yaran wurin suna ta dariya. Fili ne a bayan gidaje, da kwatarniyoyi da ramukan siminti cike da ruwa kala-kala, wani fari-fari, wani kamar shayin da ya daɗe a wuta. Fatu a shanye a kan igiya da ƙasa. Wasu samari sun kifa turame sun shimfiɗa fata a kai suna kankare gashi da kartaji. A gindin wata bishiya wani dattijo yana zaune a kan buzu, tafin hannunsa ya rine ya koma ruwan ƙasa mai duhu har wuyan hannu. Muka durƙusa muka gaishe shi.

"Baba, ina wuni."

"Lahiya lau, ɗiyana. Daga ina?"

Abokina ya yi masa bayani da irin harshensu, ya ce baƙo ne daga Kano, ɗan jami'a, bincike yake a kan bagaruwa. Baba ya ce, "Kano da ag ga majema, shi ne ka taho har nan?" Kunya ta kama ni, don gaskiyarsa ce. An haife ni a Kano, na san sunayen masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa daga takardun da na karanta a kan gurɓatar ruwa da kuromiyam, amma ban taɓa taka majemar gargajiya ta cikin birninmu ba. Sai da aka ce in yi tafiyar fiye da kilomita 500 sannan na ga abin da ke bayan gidanmu.

Ya ce in miƙo abin da na sayo. Ya ɗebi 'yan kwansuna ya murza, ya ɓalla ɗaya ya duba cikinta, ya kai baki ya ɗan tauna ya tofar. "Wagga ta bara ta," in ji shi. "Kuma ruwa ya taɓa ta. An dai sai maka." Ya aiki wani yaro ya kawo tasa, ya ba ni ya ce in tauna wannan in tauna waccan. Tawa ta ɗan yi bauri. Tasa kuwa ta ɗaure min baki tamau, harshena ya koma kamar tsumma, na kasa haɗiye yawu. Na san abin da ya faru, don na rubuta shi a babi na biyu na aikina: tanin yana kama furotin ɗin da ke cikin yawu ya dunƙule shi, santsin baki ya tafi. Haka kuma yake yi wa kolajin, furotin ɗin da fata ta ginu a kansa, ya shiga tsakanin zarurrukansa ya ɗaure su har ƙwayoyin cuta su kasa ruɓar da ita. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne mutum ya mai da harshensa ma'auni. Kuma ma'aunin ba na wasa ba ne. Ruwan sama yana wanke tanin daga kwanso don yana narkewa a ruwa, daɗewa a iska kuma tana canja shi. Duk wannan Baba ya gano da tauna ɗaya, ni kuwa da sai na ɓata mako biyu da rabin kwalbar sinadari.

Kwana uku ina zuwa wurin. Abokina yana da lakca, ni kaɗai nake hawa kabu-kabu da safe in dawo da Azahar ina wari, 'yan ɗaki su ce in tsaya a waje in yi wanka tukuna. Baba bai zaunar da ni ya yi min darasi ba, aikinsa yake yi, in na yi tambaya ya amsa in ya ga dama. Fata tana fara kwana a ruwan toka, wani lokaci a haɗa da farin tabon da masu walda ke zubarwa bayan sun gama da kabaid. Wannan tabo na gane shi nan take, kalsiyam haidiroksaid ne, abin da ke saura idan kabaid ya haɗu da ruwa ya ba da iskar asitilin. Kaifin ruwan ne ke sassauta tushen gashi, fata ta kumbura, kartaji ya share shi cikin sauƙi. Na tsoma takardar gwajin pH, wato ma'aunin tsami ko kaifin ruwa, da na zo da ita, ta koma shuɗi mai duhu, can ƙarshen ma'auni. Daga nan sai ruwan kashin tattabara, wanda shi ne uban warin. Na tambaye shi amfaninsa, ya ce yana kwantar da fata ta yi laushi. A littafi an ce ƙwayoyin halittar da ke cikinsa ne ke fitar da sinadaran da ke narkar da furotin ɗin da ba a so, su bar kolajin. Magana ɗaya ce, tasa ta fi gajarta.

Sai bagaruwa. A turmi ake daka ta, a sheƙe, a fitar da 'ya'yan. Na ce me ya sa ake wahalar cire su? Ya ce, "Ɗiyan ba su da aiki, nauyi ɗai suka ƙarawa." A tsarin da na rubuto daga Kano, wanda na kwafo daga furojet ɗin wani da ya gama shekara uku kafin ni, cewa aka yi a niƙa kwanso gaba ɗaya. Da na bi wannan, da bagaruwa mai manyan 'ya'ya ta fito da ƙarancin tanin a lissafina, in zauna ina ƙirƙiro dalilai daga ƙasa da yanayi, alhali ƙwallo na auna. A gefen ramin nan na zare biro na soke layin.

Ranar ta biyu ce ta fi tsaya min a rai. Na zo da 'yar kwalbar ferik kulorayid, wani sinadari mai ƙarfe a narke, a aljihu, ina so in burge shi. Na jiƙa garin bagaruwarsa a kofin roba, na tace, na ɗiga ɗigo biyu. Ruwan ya koma baƙi mai ratsin shuɗi nan take. Na ce, "Baba, ka gani? Da haka muke gane akwai tanin." Samarin suka matso suna kallo. Shi kuwa bai ce komai ba. Ya miƙa hannu bayansa ya jawo wani tsohon gwangwani mai ruwa baƙi-baƙi da guntayen ƙarafa da kashin maƙera a ciki, ya tsoma tsinke, ya ja layi a kan wani yankin jemammiyar fata. Layin ya fito fari-fari, kafin in ƙifta ido sau uku ya koma baƙi wuluk. Ya ce, "Kuloko. Da shi dukawa ka zane. Naka nawa kas saye shi?" Wurin ya kaure da dariya, har da ni. Ƙarfe ne ya haɗu da tanin a kofina, ƙarfe ne ya haɗu da tanin a fatarsa, kuma irin wannan haɗin ne Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna tawadar rubutu da shi. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce, shi ya sa ba a gama bagaruwa da ƙarhe. Ko ƙusa ta faɗa rami, fata ta yi tabon da ba ya fita.

Na rubuta wannan ma, har na ja masa layi biyu. Ku riƙe shi, za mu dawo kansa.

Jan launin da fatar Sakkwato ta yi suna da shi daga karan dafi ake samun sa, wata irin dawa da ake nomawa don jan kuben ganyenta, ba don hatsi ba. Ana daka shi a jiƙa da ruwan kanwa, launin ya fito. Kanwar da muke kira fotash a makaranta ma ba fotash ba ce, yawancinta sodiyam kabonet ne da baikabonet. Wani saurayi ya shafa wa fata man gyaɗa, ya naɗe, ya yi ta bugun ta a kan dutse, sannan ya zuba jan ya murza da tafin hannu. Ban ga an auna komai ba. Ban kuma ga fata biyu da launinsu ya saɓa ba a cikin goma sha biyun da ya shanya.

Kada a ce na mai da wurin aljanna. Ruwan da suka gama da shi kwata yake bi ya ratsa unguwa, samarin suna tsoma hannu a ruwan toka ba safar hannu, fatar yatsunsu duk ta tsattsage. Kuma kasuwar tana hannun masana'antu, inda gishirin kuromiyam ke gama jima cikin kwana ɗaya, fatar ta jure tafasasshen ruwa, abin da ta bagaruwa ba za ta iya ba. Baba ya ce fatu masu kyau yanzu gishiri ake zuba musu a loda a mota zuwa Kano, su sai abin da aka rage. Na shanu kuma masu ganda sun fi su kuɗi.

Da na ambaci aikin abokina, sai ya ce ai ruwa ma ba ɗaya ba ne. Akwai rijiyar da in ka jiƙa bagaruwa da ruwanta sai ta yi gudaji ta kwanta, ka ƙara tiya guda ba ka ga aiki ba. Na ɗebi ruwan da suke amfani da shi a gora, da yamma na kai wa abokina. Wani ma'aikacin lab ɗinsu, mutumin kirki, ya bar mu muka shiga bayan an tashi. Muka auna mililita 50, muka zuba ruwan amoniya mai riƙe pH a 10, muka sa ɗan garin da ke nuna launi, ruwan ya yi ja kamar zoɓon da aka sirka. Abokina ya buɗe buret, wato bututun gilashi mai awo, yana sakin EDTA, sinadarin da ke kame kalsiyam da magniziyam, ɗigo-ɗigo, ni ina juya kwalba, har jan ya juye shuɗi tas. Sau uku muka maimaita. Ya buɗe littafinsa ya nuna min yadda rijiyoyin gari suka bambanta, ya ce ba abin mamaki ba ne a ƙasar da ke zaune kusa da farar ƙasar Kalambaina, wadda ake haƙa ana yin siminti da ita. Kalsiyam yana kama tanin ya kwantar da shi kafin ya kai ga fata. A daren nan muka ga ashe furojet ɗinsa da nawa maƙwabta ne, kuma da ba don tsohon da bai san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, da ba mu sani ba.

Samfurin gaske a bishiya na cire shi. Baba ya haɗa ni da jikansa, muka bi gefen fadama da gora mai ƙugiya. Bishiya biyar muka zaɓa masu tazara, kowace na ɗauki lambar wurinta da waya, na kakkaɓo busassun kwansuna a kan buhu don kada su taɓa ƙasa, na zuba a ambulan ɗin takarda na rubuta rana da lamba. Ƙayar bagaruwa fara ce doguwa, ta ratsa silifas ɗina sau biyu. Na ɗebi reshe mai ganye da kwanso na matse a tsakanin jaridu, don sai masanin tsirrai ya tabbatar da cewa Acacia nilotica ce kafin a yarda da sunan a rubuce. Yaron yana ta mamakin yadda babban mutum zai zo daga Kano ya ɗauki hoton bishiya.

To, ga inda na yi abin kunya. Ana gobe zan tafi, na dubi ambulan biyar, na tuna daka da sheƙa da ke jirana, ga turmin lab ɗinmu ɗan ƙarami kamar na daka yaji. Na ce bari in rage wa kaina aiki. Na ɓare rabin samfur na ɗaya da na biyu, na kai wa mai injin niƙa a bakin hanya, ya juye a injin da ya gama markaɗe bai daɗe ba, ya ba ni gari mai laushi. Da dare na jiƙa kaɗan don in gwada. Maimakon ruwan shayi, sai ga ruwa toka-toka yana komawa baƙi, ban ɗiga masa komai ba. Faifan injin ƙarfe ne, da tsatsa, da danshi. Abokina ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗauko littafina ya buɗe shafin da na ja wa layi biyu ya karanta wa 'yan ɗaki da muryar Baba. Allah ya taimake ni ban kai duka ba. Na zubar da garin, na kwana ina lissafin ko abin da ya rage zai isa.

Ya isa, don aikin ba ya cin samfur da yawa. Miligiram 200 ake jiƙawa a mililita 10 na asiton mai kashi 70 cikin ɗari, a haɗa da sinadarin Folin, mai canja launi idan ya gamu da tanin da danginsa, da sodiyam kabonet, a ajiye minti 40 a duhu, ruwan ya yi shuɗi gwargwadon abin da ke cikinsa, a karanta a na'urar auna haske a nanomita 725. Sai a sake, bayan an sa wani gari da ke kame tanin shi kaɗai, bambancin karatu biyun shi ne abin da ake nema. A takarda rabin shafi ne. A jami'armu wata biyu ya ci, tsakanin rashin wuta da layin jiran na'ura ɗaya tilo da ke aiki. Amma wannan labarin Kano ne.

Da safe na biya na yi wa Baba sallama. Na kai masa goro da sukari. Ban gaya masa zancen injin niƙa ba. Ya ba ni jar fata guda, ya ce in yi wa littafina riga, ya kuma cika min leda da bagaruwarsa ya ce in gwada ta da na'urar tamu in aiko masa da labari ko ta ci jarrabawa. Na ce, "In sha Allahu, Baba." Ya ce, "Allah shi kai ka lahiya. Ka gai da Kanawa, ka ce su bar muna hwatu."

A mota na rungume jakar samfur a cinya, na ƙi yarda a sa ta a but kusa da jarkar mai. Wata dattijuwa da ke gefena ta yi ta kallon ambulan ɗin da ke leƙowa, da muka wuce Tureta ta kasa haƙuri ta ce, "Ɗan nan, magani kake saidawa?" Na ce a'a Inna, bagaruwa ce ta makaranta. Ta ce yau ga ikon Allah, bagaruwa ma ta shiga boko. Sai ta ce in ɗan sam mata, jikanyarta ta haihu kwana huɗu ke nan, can za ta. Na laluba ƙasan jaka na zaro tiya biyun nan ta Kasuwar Kara na miƙa mata duka. Ta ɓalla ɗaya, ta kai baki, ta tauna, ta juyo ta dube ni.

"Ba ka da ta bana?"